Ƙofar da Babanki Ya Ce Shuɗiya Ce

Digel, Injamena
Ranar Litinin

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya tsare min ke a zaune da a tafe, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin hanya da na masauki.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga wadda ɗakinta yake kallon naki. Sau biyu na gwada faɗa miki da baki, jiya muna tsince shinkafa, shekaranjiya muna ninke kayanki, bakina ya ƙi buɗuwa. Kin san ni, abin da ke kan takarda ya fi zauna min. Da farko na yi niyyar cusa ta a ƙasan jakarki, ki gan ta bayan kin isa Kano. Na fasa, domin ha'inci ne. Kin yarda da tafiya karatun ungozoma a can ne bisa maganata cewa wata huɗu kawai za ki yi ke kaɗai, ni da babanki muna biye da ke da zarar an sayar da gida. Motarku sai Alhamis. Kina da kwana uku ki karanta, ki yi fushi da ni in za ki yi, ki yanke shawara kina sane da komai.

Ranar Larabar da ta wuce ne, bayan la'asar, kina wajen tela. Babanki yana zaune a rumfa da butar shayinsa. Kawunki Sale ya turo min hoton gidan da ya samo mana a Kano. Na fito da gudu daga madafa, hannuna duk gari, na miƙa masa wayar na ce, "Malam, ga gidanmu."

Ya karɓa, ya kai ta kusa da fuskarsa, ya daɗe a haka. Ni kuma ina tsaye a bayansa ina zuba, nan za mu sa gado, nan zan jera littattafaina. Ina cikin surutu hasken wayar ya ɗauke, kin san yadda take yi in an bar ta. Gilashin ya koma baƙi ƙirin. Na miƙa hannu zan taɓa masa, sai na ji ya ce, "Masha Allah, gida ya yi. Ga ma shuɗiyar ƙofar taki."

Ummi, ƙofar gidan nan ja ce. Kuma lokacin da ya yi maganar babu komai a kan wayar. Ya ce shuɗiya ne domin shekara goma sha tara yana jin ina cewa gidana na Kano shuɗiyar ƙofa zai yi.

Na zagayo na durƙusa a gabansa, na ce, "Malam, yatsu nawa na ɗaga?"

Ya ce, "Amarya, yau kuma wasan yara za mu yi?"

Na ce ya dai faɗa. Ya ajiye wayar a kan tabarma, sannan ya ce, "In kin matso ta dama zan faɗa miki."

Hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama saura kaɗan, ya ce kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Shekara biyu ke nan da likita ya faɗa masa cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa kawai zai riƙe ragowar. Maganin yana aljihun tsohuwar rigarsa ta aiki, wadda na sha cewa ya ba ni in yi tsumma da ita tunda ya yi ritaya, yana ƙi.

Shekara biyu mijina yana rasa ganinsa a gabana ban sani ba. Ba ɓoyewarsa ce ta yi ƙarfi ba, ni ce ban duba ba. Da ya daina hawa babur ya ce gwiwa ce, na yarda. Da ya fara zuba shayi a gefen kofi na ce tsufa ne, har na tsokane shi. Da ya ce in daina canja wa kujeru da randa wuri, na ce a raina rigimar mai ritaya ce da ya rasa wanda zai ba umarni. Ke ma kin tuna yadda ya koma miƙo miki waya, "Karanta min, idona ya gaji." Kowace alama na samo mata amsar da ba za ta tashe ni daga karatuna ba. Na san halin da mutanen cikin littafi suke ciki, na san wadda mijinta ya yi tafiya da wadda aka yi wa sharri, ina kwana da damuwarsu, amma mutumin da nake ajiye wa tuwo a gaba ban lura yana lalubar kwanon ba. Ga abin da zan ce miki a kan wannan. Duk wanda kike cin abinci kwano ɗaya da shi, ƙawar ɗaki ce ko miji in lokaci ya yi, ki riƙa ɗaga kai kina dubansa. In hali ya canja, kada ki karɓi amsar farko don kawai ta fi miki sauƙi. Aikin ma da za ki koya haka yake. Mai naƙuda za ta ce miki lafiya lau, fuskarta tana faɗin wani abu dabam.

Ban ce ki bar karatu ba. Littattafan nan su suka ba ni Hausar rubutu. A makaranta Faransanci aka koya mana, a titi Larabci muke yi, Hausa kuwa ta cikin gida ce, ba mu taɓa ganin ta a takarda ba. Wata maƙwabciyarmu a Habbena, unguwar da na tashi, mai suna Hajara, da aure ya kawo daga Najeriya, ita ta zo da buhun littattafai. Ina 'yar shekara goma sha uku na buɗe ɗaya na ga maganar da kakata take yi a tsakar gida an buga ta da inji. Tun ranar ban warke ba. Babanki ma ta nan ya samu kaina. Ya ji labarina, sai ya riƙa ba fataken shanu saƙo suna sayo min sababbi in za su dawo. Wata rana yana zaune a zauren gidanmu na ce masa ni Kano nake son zama. Ya yi dariya ya ce, "Bari in yi ritaya, sai in kai ki mu tsufa a can." Shi wasa yake yi. Shi da ni babu wanda ya taɓa wuce Kusuri, nan tsallaken kogi. Ni kuwa na ɗaure maganar na ajiye.

Kuskurena shi ne na ɗauki labari a matsayin sanin gari. Na haddace sunayen unguwannin Kano, na san titin da ake zuwa shan iska, har gardama nake da Kawu Sale da yake zuwa can duk wata, ina gyara masa. Amma ban taɓa karanta inda aka faɗi wurin da tsoho baƙo yake zama in gari ya waye ba, ko wanda zai gaishe shi da sunansa. Mai rubuta labari ba ta yi min ƙarya ba, abin da labarinta yake buƙata ta ɗauka ta bar saura. Idan kin isa, ki bar Kanon da na cika miki kunne da ita a tasha. Ki duba wadda kika tarar. Kada ki ce kin san wuri sai kin yi zazzaɓi a cikinsa kin ga wanda ya leƙo ki.

Washegarin ranar, da hantsi, ya ce zai leƙa kasuwa kamar yadda ya saba. Na yafa lafayata na bi shi daga nesa bai sani ba. Ina so in ga yadda yake yi.

Ya fita, ya shafa ƙofa, ya taka katakon da ke kan lambatu ba tare da ya duba ƙasa ba. Ya bi jikin katangar su Hawwa har bishiyar darbejiya, ya dafa ta, ya karkata. Kafin ya kai kwana, Adam mai shayi ya ɗaga murya da Larabci, "Doktor, lale! Yau ka makara!" Sai na ga babanki ya juya ya nufi muryar. Wani ɗan kalando mai ɗaukar fasinja ya zo zai ajiye babur a bakin hanyar, Adam ya daka masa tsawa ya matsar. A rumfar mahauta kuwa tun daga nesa suka fara, "Ga Doktor, ga Doktor." Kin san ba likita ba ne, mai duba nama ne a mayanka, amma shekara talatin haka suke kiransa. Ɗaya ya ɗauko hantar saniya ya ɗora masa a hannu. Ya shafa ta, ya latsa da babban yatsa, ya kai hanci, ya ce, "Wannan kada ka sayar wa mutane. Yanka nan ka gani." Aka yanka, ga tsutsa. Mahaucin ya riƙe kai, sauran suna yi masa dariya, ana cewa Doktor ya fi masu ido gani. Aka jawo masa benci, aka kawo shayi.

Na koma wajen Adam na tsaya kamar zan sayi burodi. Na ce, "Adam, me ya sa kake kiransa tun daga nesa?"

Ya dube ni ya ce, "Don ya san inda kwanar take mana."

Na ce, "Kun sani ke nan?"

Ya ce, "Madam, duk layin nan an sani. Tun bara muka hana ajiye kaya a gefen da yake bi. Mun ɗauka ke kika fi kowa sani."

Ban san yadda na dawo gida ba. Mai shayi ya sani, mahauta sun sani, liman ya sani, shi ya sa kullum gurbinsa a masallaci yana jikin ginshiƙi ɗaya. Unguwa guda ta gyara kanta domin mutum ɗaya, ba wanda ya yi shela. Ni kuma ina ɗaki ina lissafin akwatuna nawa za su ɗauke mu zuwa garin da ba wanda zai san cewa dattijon nan mai lalube ya taɓa zama wani.

Da ya dawo na tare shi. Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

Ya ce, "Na yi miki alkawari."

Na ce, "Wasa fa kake yi a lokacin."

Ya ce, "Ni na yi wasa, ke ba ki yi ba. Na auro ki kina da ƙuruciyarki, na ajiye ki a gidan da yake yoyo, ba ki taɓa neman zinariya ko mota ba. Abu ɗaya kika roƙa. In zo kuma in ce shi ma babu?"

Na ce, "To a can wa zai kira ka Doktor?"

Ya ce, "Sai ki riƙa kirana, in kin ɗaga kai daga littafi."

Ina kuka, amma ki ji abin da ya fito daga bakina. Cewa na yi ai a Kano akwai manyan asibitocin ido, wataƙila ma tafiyar ce alheri. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Amarya, har idon nawa kin samo masa Kano." Ya ce ya tambayi likitan, maganin can shi ne na nan. In wata rana an ce akwai abin da za a yi masa a can, sai mu je a yi mu dawo, kamar kowa.

A nan na gane wani kuskuren. Shekara goma sha tara ina tambayarsa yaushe za mu tafi, ban taɓa tambayarsa ko yana so ba. Yana shiru ina cewa ya amince. Babanki mutum ne da in kin nuna kina son abu zai cire daga jikinsa ya ba ki, bai ce uffan ba. Irin waɗannan mutane su aka fi cuta, kuma masu sonsu ne suke cutarsu. In Allah Ya haɗa ki da mai irin halinsa, ki tambaye shi abin da yake so kafin ki faɗi naki, domin in kin riga shi faɗa ba za ki ƙara jin nasa ba.

Akwai abin da nake jin kunyar rubutawa, amma zan rubuta. Ranar da na gano, bayan na gama kuka, tunanin da ya fara zuwa min ba na idonsa ba ne. Matan Habbena na tuna. Tun shekara uku da suka wuce, a bikin 'yar Gwaggo Asabe, na miƙe a gaban mata na ce mu kam da Malam ya ajiye aiki mun koma Kano. Tun daga nan sunana ya koma Bakanuwa. Duk taron da na shiga sai an ce, "A'a, Bakanuwa, har yanzu kina cikinmu? Mun ɗauka sai dai a waya." Har na raba wa wasu tukwanena. Sai na ji zuciyata tana cewa, yanzu da wane ido zan dube su? Ummi, saura kaɗan tsoron dariyar mata biyar ya sa in ja makaho zuwa wata ƙasa. Kada ki yi shelar abin da ba ki riƙe a hannu ba. In kuwa kin riga kin yi, kika ga ba daidai ba ne, ki janye. Za a yi dariya sati biyu, a samu wata a koma kanta.

Ba ki san kakata Iya Delu ba, ta rasu kina ciki. Tana yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Kano a ƙafa, da jakuna, za su Makka. Guzuri ya ƙare a nan, suka ce bari su yi damina ɗaya. A nan ta yi aure, ta haifi tara, ta binne miji. Amma har ta mutu akwai ƙunshi a ƙarƙashin gadonta, da zane biyu da buta da carbi, a ɗaure. In an ce a yi wa ɗakinta siminti sai ta ce, "Mu da muke kan hanya?" Muna yara muna yi mata dariya. Sai a makon nan na ga ashe ni na gaje ta. Ita tana kallon gabas, ni ina kallon yamma, kuma ita ko ba komai ɗakin Allah take nufi.

Dubi gidan nan. Damina shida ɗakinki yana yoyo, muna tara robobi, duk lokacin da babanki ya ce a kira mai gyara sai in ce a bari, tafiya za mu yi. Ya kawo dashen lemo, na ce wa zai sha? Ya bushe a cikin gwangwani. Da yanzu ya fi katanga tsawo. Haka na mai da mu baƙi a gidanmu. Duk inda kika sauka, ko wata uku za ki yi, ki share shi, ki san sunan maƙwabta, ki gyara abin da ya lalace. Ranakun da mutum yake cewa na jira ne, su ma daga cikin kwanakinsa ake cire su.

Laifina mafi girma a kanki yake. Na raine ki ina nuna miki nan ba gida ba ne. In kin shigo kina Larabci da ƙawayenki sai in ce a bar shi a waje. Da kika ci bak, jarrabawar gama sakandare, aka ba ki gurbin karatu a nan garin, na ga farin ciki a fuskarki, na yi kamar ban gani ba. Na sa kika yi shekara guda kina koyon Turanci, na sa Kawu Sale ya yi ta zirga-zirga da takardunki. Na ce don ci gabanki ne. Akwai gaskiya a ciki, makarantar tana da kyau. Amma rabin dalilin shi ne in kina can, babanki ba shi da sauran hanyar cewa a'a. Na aike ki gaba ne ki riƙe min wuri. Ki yafe min.

Babanki ya ce kada in faɗa miki sai kin tafi, domin ya san halinki, za ki kwance jaka. Na ce masa wannan karon ba zan bi maganarsa ba, ɓoye-ɓoye ya isa a gidan nan. Sai ya ce to in haɗa da nasa saƙon: yana so ki tafi, kuma in kika fasa saboda shi, zai ji ciwon haka fiye da na idon. Ni ba zan ce miki tafi ko zauna ba, na yi miki zaɓi da yawa. Abu ɗaya zan ce. In za ki tafi, ki tafi domin karatun, ba domin ni ba. In za ki zauna, kada ki ce don ki kula da shi ne. Wannan aikina ne, kuma na makara da fara shi.

In kin tafi, za ki sauka a hannun matar mai masaukin Kawu kafin a ba ku ɗaki a makaranta. Ki gaishe ta da safe kafin ki taɓa waya, ki ɗauki tsintsiya ba sai an ce ba. Takardunki na ƙasa su zauna a jikinki a hanya, kada ki sa su a jakar da za a ɗaure a saman mota. Za a ji Hausarki a tambaye ki daga ina. Ki ce daga Chadi, kai tsaye, kada ki ce asalinmu nan ne kina neman a karɓe ki. Kakar mamanki ce 'yar can, ke 'yar Digel ce. Wanda ya yi miki dariya ki taya shi, ki koya masa gaisuwa da Larabci. Kuma ki riƙa ba ni labarin garin yadda yake, da kwatarsa da cunkosonsa da abin da ya burge ki. Yanzu zan iya ji.

A kwana ukun nan ki rage yawon sallama. Ki zauna da babanki a rumfa, ta hannun damansa, kusa, inda haske yake faɗo miki a fuska. Ba sai kin ce komai ba. Likita bai ce ragowar zai tafi ba, bai kuma ce zai jira hutunki ba.

Allah Ya kai ki lafiya Ya dawo min da ke lafiya. Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki ilimi mai amfani da hannu mai sauƙi a kan matan mutane. Ya sa ki fi ni lura. Allah Ya yi miki albarka.

Ranar Asabar na aika wa Alhajin da yake son gidan cewa an fasa. Na kira Kawunki na ce ya ba masu jar ƙofa haƙuri. Mai gyaran rufi zai zo ranar Juma'a. Na ce wa babanki zan sa a cire ƙofarmu mai tsatsa a kawo sabuwa a yi mata shuɗin fenti, ya ce in bar masa abarsa, da lotsawar da ke jikinta yake gane ya iso gida. Na bar ta.

Ba za mu sayar da gidan ba, kuma ba za mu biyo ki ba. Ni da babanki muna nan Digel.

Mamanki